Tsatsa Ba Ta Jin Guduma: Ra'ayi a Kan Kwance Mahaɗin Bututun Sanyin Mota da na Injinan Gona

A gundumar Gude da maƙwabtanta na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, irin su Gella da Kwaja da Nduku da Mujara, abin hawa ya shiga jerin kayan aikin gona daidai da garma da fartanya. Da shi ake kai taki gona, da shi ake kwaso masara da dawa da gyaɗa da wake zuwa kasuwar Mubi, da shi kuma ake ɗauko 'yan tsaki da magungunan dabbobi daga Yola, tafiyar kimanin kilomita 200. Saboda haka duk ranar da mota ta kwana a gareji babu gaira babu dalili, hasara ce daga aljihun manomi. Daga cikin abubuwan da ke kwantar da mota da injinan gona, akwai wani ƙaramin abu da ba a cika ba shi muhimmanci ba, wato noti guda da tsatsa ta kama a mahaɗin bututu. Aikin da aka zo da niyyar gamawa kafin azahar sai ya koma jiran kayan gyara daga Jimeta ko Ƙofar Ruwa ta Kano, domin an murɗe bututu ko an cinye zaren mahaɗi.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, yawancin ɓarnar da ake ɗora wa tsatsa gaggawa ce ke yin ta, kuma mai mota yana da nasa kason laifi kamar yadda bakanike yake da nasa. An ɗauki bututun na'urar sanyaya mota, wato eyakwandishan, a matsayin misali domin shi ne mafi rauni a duk bututan da ke jikin mota, kuma shi ne mafi saurin tona asirin hannun da ba shi da haƙuri.

Wani zai ce ina ruwan manomi da sanyin mota, ai abin masu hali ne. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. A watannin Maris da Afrilu zafi a yankin Mubi yakan doshi digiri 40, kuma wanda ya taɓa ɗauko kwalin 'yan tsaki a irin wannan rana ya san abin da zafin cikin mota ke yi musu. Alluran rigakafin dabbobi, irin waɗanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take samarwa, akwatin sanyi mai ƙanƙara ne mazauninsu, sanyin mota ba ya maye gurbinsa, amma ƙanƙarar takan daɗe ba ta narke ba idan cikin motar ba tanda ba ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa, irin wannan mahaɗi ne yake jikin bututun birki da na man dizal da na haidirolik ɗin tarakta, kuma irin wannan tsatsa ce take kama ƙusoshin injin ban-ruwa. Wanda ya fahimci ɗaya ya fahimci sauran.

Abin da ke faruwa a cikin mahaɗin

Bututan sanyin mota da kwandensa, wato wannan abin mai kama da lagireto da ke gaban mota, da ƙarfen alminiyom ake yin su saboda rashin nauyinsa da saurin ɗaukar zafi da sakinsa. Notin ko ƙusar da ke riƙe mahaɗin kuwa sau da yawa baƙin ƙarfe ne. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, sannan danshi mai ɗauke da gishiri ya shiga tsakaninsu, sai wurin ya zama tamkar ɗan ƙaramin batir. Wata 'yar wutar lantarki da ba a gani tana gudana, alminiyom ɗin ne kuma yake cinyewa. Abin da yake komawa shi ne wani farin gari mai kama da toka, wanda ya fi ainihin ƙarfen da ya fito daga cikinsa cin wuri. Tun da tsakanin zaren noti babu sarari, garin sai ya cika ko'ina ya danƙare kamar siminti.

Wannan ya bambanta da jar tsatsar da muka saba gani a jikin fartanya. Jar tsatsa tana da laushi, tana shan mai, tana farfashewa idan aka buga. Farin garin alminiyom yana da tauri, kuma mai ba ya narkar da shi, iyakar abin da mai ke yi shi ne ya bi tsaga ya kutsa a hankali. Ga kuma matsala ta biyu: zaren alminiyom ya fi na baƙin ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Idan aka sa ƙarfi, notin zai juya, amma zai fito da zaren mahaɗin a cikinsa. A lokacin bakanike yakan ce ya samu nasara, sai an zo mayarwa a ga babu abin da noti zai kama.

Motocinmu suna da dalilai na musamman da ke sa wannan ciwo ya tsananta. Mafi yawansu sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka ko Kanada kafin su shigo ta Kwatano ko Legas, kuma a waɗancan ƙasashe gishiri ake watsa wa titi a lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Wato da ciwon motar take isowa, ko da fentinta yana ƙyalli. A nan gida kuma sai damina ta ɗora nata. Daga Mayu zuwa Oktoba, motar da ke bin hanyoyin gindin duwatsun Mandara da rafukan da ke malala cikin kogin Yedzaram ba ta rabuwa da taɓo, shi kuwa taɓo idan ya liƙe a mahaɗi yana riƙe danshi kwana da kwanaki bayan ko'ina ya bushe.

Sai taki. Sinadarin fotash da ke cikin takin NPK galibi daga wani nau'in gishiri ake samo shi, takin yuriya kuma yana jawo danshi daga iska. Garin da ya zube daga buhu ya bi ramukan bayan akori-kura ya sauka a kan bututan ƙarƙashin mota, shi ne gishirin titin namu. Haka fitsari da kashin dabbobi a motocin da ke jigila zuwa kasuwar shanu ta Mubi. Bas-bas da motocin iyali masu na'urar sanyi ta baya su suka fi shan wahala, domin bututansu a ƙarƙashin daɓen motar suke bi tun daga gaba har baya. Wankin inji da garin sabulu ba tare da ɗauraya sosai ba shi ma yana taimakawa, soda kuwa cin alminiyom take yi kai tsaye, bai kamata ta kusance shi ba.

Filaya, guduma da wuta

Abubuwa uku ne aka fi garzayawa gare su idan noti ya ƙi juyawa. Na farko filaya ko sifanar masu famfo mai haƙora, wadda ke cinye kusurwoyin noti ta mayar da shi kamar ƙwallo, ta kuma matse shi ya ƙara kama zaren. Na biyu guduma da kurfi. Waɗannan suna da amfani a jikin garma, amma bututun alminiyom da ke manne da kwandensa da 'yar siririyar walda ba zai jure bugu ba, yakan tsage a wurin da ido ba zai gani ba sai an zuba sabon gas ya tsere cikin mako guda.

Na uku shi ne wutar mai walda, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Babu mai musun cewa wuta tana kwance noti. Idan baƙin ƙarfe ne a kan baƙin ƙarfe, kamar a salansa ko a jikin tirela, kuma babu mai ko roba a kusa, dabara ce mai kyau wadda kanikawa suka gada. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan dabara a kai ta inda ba wurinta ba. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗi mai aiki tun da sauran nisa kafin ya narke a wajen digiri 1,500. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya canza launi kafin nan. Yana nan fari fat, sai kawai a ga ya zube.

Akwai kuma wani lissafi da ba kowa ke lura da shi ba. Idan aka ɗumama su daidai, alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka idan ƙusar baƙin ƙarfe ce a cikin gidan alminiyom, kamar a jikin injin ban-ruwa, ɗumi yana taimakawa, domin gidan zai buɗe ya saki ƙusar. Idan kuwa notin baƙin ƙarfe ne a waje, zaren alminiyom a ciki, to daɗewa ana gasawa ƙara matsewa yake yi, tun da na cikin ya fi na wajen kumbura. Wuta ɗaya, sakamako biyu, ya danganta da wane ƙarfe ne a waje. Bakaniken da bai duba wannan ba kafin ya kunna wuta, caca yake yi da dukiyar wani.

Haɗarin da ya fi girma ga rai ne. Gas ɗin da ke cikin na'urar sanyi a matse yake ko da mota a kashe take. A ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 30 zuwa 35. Gas ɗin R-134a a ranar da zafi ya kai digiri 35 yana wuce 110 mota na tsaye, idan kuma na'urar na aiki ɓangaren da ke zuwa kwandensa yana haura 200. Ɗora wuta a kan rufaffen bututu mai irin wannan matsi neman fashewa ne. Idan ruwan gas ɗin ya fantsamo, yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, yana ƙona fata da sanyi, yana iya makantar da ido. Idan kuma ya ratsa harshen wuta sai ya rikiɗe ya zama hayaƙi mai guba da ke cin huhu. Sabon gas ɗin R-1234yf, wanda tun daga shekarar 2017 ya zama ruwan dare a sababbin motocin Tarayyar Turai, kuma irin waɗannan motoci suna shigo mana a matsayin na hannu, shi kansa yana iya kamawa da wuta. Ba a ma maganar motar da wani ya taɓa ɗura wa gas ɗin firji ko na girki saboda araha.

Yadda aikin ya kamata ya tafi

Tambayar farko ita ce, shin dole ne a kwance wannan mahaɗi? Sau da yawa akan kwance wurare uku ko huɗu ana laluben inda gas ke tserewa, alhali ruwan sabulu da ido sun isa. Inda gas ke fita yana fitowa da ɗan mai, ƙura kuma tana liƙewa a wurin ta yi baƙi. Mahaɗin da yake a bushe, ba ya kumfa, kuma ba ya tare hanyar abin da za a cire, a ƙyale shi.

Idan kwancewa ta zama tilas, a fara ɗaura agogon awon matsi a tabbatar babu sauran gas, domin na'urar da ta daina sanyi ba lallai ne ta zama fanko ba. A sa tabarau. A goge wurin da burushin waya har zaren da ke waje ya fito fili. Daga nan a fesa man kwance tsatsa, irin su WD-40 da makamantansa, idan babu kuma kananzir da aka gauraya da ɗan sabon man inji ya fi babu. Man birki da wasu ke zubawa yana ɗaye fenti kuma yana shan ruwa, gara a bar shi a inda aka yi shi dominsa. Bayan fesawa a riƙa ɗan ƙwanƙwasa gefen notin da ƙaramin ƙarfe, ana tare ɗaya gefen da wani ƙarfe mai nauyi don kada bugun ya tafi jikin bututu. Manufar ita ce a tsattsaga farin garin nan domin mai ya sami hanya. A sake fesawa da yamma, a sake da safe. Notin da ya shekara goma yana kamawa ba a yi masa adalci ba idan aka ba shi minti goma.

Wajen juyawa sifana biyu ake bukata, ɗaya ta riƙe ɓangaren da ke tsaye, ɗaya ta juya noti, a jera su kusa da juna yadda za a matse su da tafin hannu kamar almakashi. Ta haka ƙarfin yana ƙarewa a mahaɗin, ba ya isa ga kwandensa. Sifanar da ta dace ita ce mai zobe wadda aka tsaga bakinta domin bututu ya wuce, tana kama noti ta kusurwa biyar maimakon biyu. Lambarta kuma ta zama daidai, domin wasu motocin Amurka da awon inci aka yi notinsu, sifanar milimita tana shiga amma da sako-sako. A fara da ɗan matsawa kaɗan kamar za a ɗaure, sannan a dawo baya. Da zarar ya motsa ko da kaurin gashi ne, a ƙara mai, a ci gaba da kai da kawowa, kowane zuwa yana ɗara na baya.

A duk tsawon wannan aiki ido yana kan bututu. Idan aka ga bututun yana juyawa tare da notin, a tsaya nan take, alama ce notin ya manne da jikin bututun ba da zare kaɗai ba, kuma juyi ɗaya zai murɗe shi kamar rake. Sai a koma ga mai da ƙwanƙwasa a bayan notin. Idan ana bukatar ɗumi, tafasasshen ruwa ko na'urar hura iska mai zafi sun wadatar, a kan notin kaɗai, na ɗan lokaci, bayan an tabbata babu gas. Sababbin motoci da yawa ba su da babban noti, wani ɗan dunƙulen alminiyom ne da ƙusa guda ke riƙewa. Shi ma yakan manne bayan an cire ƙusar. A riƙa murza shi hagu da dama har ya saki, kada a cusa sukundireba a tsakani, domin ƙarzuwa ɗaya a fuskar mahaɗin ta isa ta sa ya yi ta yoyo har abada.

Wani lokaci duk wannan ba ya ci. A nan hikima ita ce a zaɓi abin da za a sadaukar tun kafin ƙarfe ya zaɓa da kansa. Tiyo da notinsa sun fi kwandensa araha, sun kuma fi akwatin sanyin da ke bayan dashbod araha ƙwarai, wanda cire shi kaɗai aikin yini ne. Saboda haka a yanka notin a tsaye da zarton ƙarfe, a hankali, a tsaya kafin a taɓa zaren ciki, a buɗa tsagar ya saki. An rasa tiyo, an tsira da babban abu.

Mayarwa ma tana da ƙa'idarta. Da zarar an buɗe bututu a toshe bakinsa da leda mai tsabta, domin man da ke cikin na'urar yana shan danshin iska da sauri, ƙurar hunturu kuma ba ta neman izini. A sa sabon zoben roba irin na na'urar sanyi, wanda galibi kore ne, a shafa masa ɗan man kwamfireso. A fara ɗaura noti da hannu har ya zauna, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da hawa kai ba, domin zoben ne ke hana yoyo, ƙarfin ɗauri ba ya ƙara komai sai wahalar wanda zai kwance gaba. A shafa ɗan man hana kamawa ko giris a kan zaren waje kawai. Farar ledar masu famfo da gam ba su da gurbi a nan. Idan na'urar ta daɗe a buɗe a canza tukunyar da ke tsotse danshi, sannan a zuƙe iska da injin zuƙa na aƙalla rabin sa'a kafin a ɗura gas.

Kason mai mota

Duk abin da aka lissafa a sama ƙwararren bakanike ya san shi. Me ya sa to ba a bi? Domin tsarin da muke biyan kuɗin aiki ba ya saka wa haƙuri. Mai mota yakan zo ne ranar da ya matsu, ya tsaya a kan bakanike yana duba agogo, yana cewa gobe kasuwa. Idan aka ce ya bar motar ta kwana mai ya ratsa, sai ya ɗauka wayo ake yi masa, ya tafi garejin gaba inda za a kunna masa wuta. Idan an canza babban abu yana biya ba musu, domin ya ga sabon ƙarfe da idonsa. Idan kuwa an shafe yini biyu an ceto tsohon, sai ya ce ai noti ɗaya aka kwance. Mutumin da ake biya don ya canza, ba don ya ceto ba, bai kamata a yi mamaki ba idan hannunsa ya yi nauyi.

A da ana iya jure wannan, lokacin da kayan gyara na hannu suke da sauƙi. Tun daga shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ga kuɗin motar da za ta kawo shi Mubi. Lissafin ya juya. Yau ladan yini biyu na bakanike mai haƙuri ya fi kwandensa araha, kuma ya kamata a yi ciniki a kan haka tun farko: nawa ne idan an ceto, nawa ne idan an canza, wa zai ɗauki hasara idan an karya da ganganci. A kuma zaɓi lokaci. Bayan an gama kwashe amfanin gona, tsakanin Disamba da Fabrairu, iska a bushe take, ba a bukatar sanyin mota, gareji ba cunkoso. Wanda ya jira sai zafin Maris ya gasa shi ya riga ya sayi gaggawa da kuɗinsa.

Ya kamata kuma a faɗi abin da masu sayar da gas ba za su so ji ba. Tsohuwar akori-kurar da aikinta ɗaukar buhuna ne, wadda kwamfireso da kwandensa da tiyo duk sun gaji, babu laifi a haƙura da sanyinta a kashe kuɗin a kan birki da taya. Ɗura gas duk bayan wata biyu a na'urar da ke yoyo zuba ruwa ne a kwando.

Gas ɗin da ake saki a iska

Al'adar da aka saba ita ce a danna bawul gas ya fice kafin a fara aiki. Duniya ta daɗe da barin wannan. Yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1987 ita ta kawo ƙarshen tsohon gas ɗin R-12 mai lalata rufin iskar da ke kare mu daga zafin hasken rana, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a farkon 2010. Wanda ya gaje shi, R-134a, ba ya taɓa wannan rufi, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya daidai da kilo 1,430 na iskar kabon da injuna ke fitarwa. Saboda haka aka yi gyaran Kigali a 2016 domin rage amfani da shi, Nijeriya kuma ta amince da gyaran a 2018. Ƙaramar mota tana ɗaukar rabin kilo zuwa kusan kilo guda. Manomin da ke kukan rikicewar damina yana da hakkin ya tambayi inda gas ɗin motarsa ya tafi.

Gaskiya ne ba kowane gareji ke da injin kwashe gas a adana ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai gyara ɗaya a bakin titi sayensa. Wannan aikin ƙungiya ne. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta masu gyaran na'urorin sanyi ta NARAP, tare da Ofishin Kula da Ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, su ne ya dace su tsaya a sami ko da guda ɗaya a gari kamar Mubi, ana haya. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa bai rasa inda za a shirya wa kanikawa da yaransu bitar kwana biyu ba. Sannan a kula da inda ake sayen gas. A shekarar 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, mutum uku suka mutu, bincike kuma ya nuna jabun gas ne mai ɗauke da wani sinadari da ke cin alminiyom daga ciki. Gwangwanin da ya fi na kowa araha a kasuwa abin tuhuma ne.

Tarakta da injin ban-ruwa

A jikin tarakta ƙa'idar sifana biyu da mai da haƙuri tana nan, sai dai matsin ya ninka. Man haidirolik yana aiki a tsakanin 2,500 da 3,000 a wancan ma'auni na masu faci. Kafin a taɓa mahaɗi a sauke garma ko haro ƙasa, a kashe inji, a motsa sandunan sarrafawa gaba da baya har matsin ya fita. Kada a laluba yoyo da hannu, a yi amfani da guntun kwali, domin siririn man da ke fita yana huda fata kamar allura, kuma raunin da ya yi kama da cizon sauro yana iya kai wa ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti a ranar ba. Bututun birki da ya murɗe ko ya ɓarke da tsatsa canza shi ake yi, ba a yi masa faci.

Injin ban-ruwa kuwa, wanda ya yaɗu a hannun manoman rani ta hanyar shirye-shiryen Fadama, har da kashi na biyu da ya fara a 2004 wanda Adamawa ke cikin jihohinsa, shi ne ainihin gidan alminiyom mai ƙusoshin baƙin ƙarfe, kuma rayuwarsa duka a cikin ruwa da taɓo take. Akan ajiye shi da ruwa a ciki idan damina ta sauka, a ɗauko shi a Nuwamba a tarar ƙusoshin murfi sun zama ɗaya da gida. Ƙungiyar manoman da ta iya haɗa kuɗi ta sayi inji za ta iya ƙara kaɗan ta ajiye jerin sifana masu tsagaggen zobe, burushin waya, gwangwanin man kwance tsatsa da kwalbar giris a hannun mutum ɗaya amintacce. Malaman gona kuma su sa wannan a cikin bitar rufe noman rani: ranar da aka yi ban-ruwa na ƙarshe a buɗe toshiyar ƙasa a tsiyaye injin, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe, a kwance ƙusoshin murfi ɗaya bayan ɗaya a shafa musu giris a mayar, sannan a ɗora shi a kan katako a ɗakin da ba a ajiye taki.